Garkuwar uwa kayan aro ce

Kai Habibu, wato tambayarka ita ce: tunda jariri yana fitowa da garkuwar uwarsa, me ya sa muke rawar jiki mu yi masa allurar ciwon hanta nau'in B ranar da aka haife shi, alhali ta ƙyanda sai ya kai wata 9? Da ka ajiye wayar nan makon jiya da ka ji amsar. Zauna dai.

A watanni ukun ƙarshe na ciki uwa tana tura wa ɗanta sojojin jininta ta mabiyiya. Kayan aro ne, ba ya rufe katara, cikin watanni yake ƙarewa. Allurar ƙyanda ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, sojojin uwa sukan cinye ta kafin jikin yaron ya koyi komai, shi ya sa muke jira. Ta ciwon hanta nau'in A ma garkuwar uwa tana rage mata ƙarfi, inda ake yin ta sai yaro ya shekara. Ta B ba haka take ba. Uwar da ke ɗauke da cutar, ai garkuwa haɗaɗɗiya ake zuba wa ɗanta a cinya ɗaya, rigakafi a ɗayar, rana guda, kuma rigakafin ya kama. To ta uwa ce za ta hana?

Ni wannan maganar ta taɓa cin mutuncina. An shigar da allurar B ɗin cikin jadawalin rigakafin Najeriya a 2004, ba a daɗe ba wata mata ta haihu a asibitinmu da asuba. Na ɗauko allura, sai ga mijin, babbar riga, hula ta sha kari, takarda a ninke a hannu. Ya ce an gwada matarsa a birni, tana da garkuwa, yaro ya gada, a bari sai bayan suna kada a taɓa jinjiri da ƙarfe. Na miƙa hannu, ya mayar da takardar aljihu yana murmushi. Na ji nauyinsa na ƙyale. Suna ya wuce, arba'in ta wuce, sai da yaron ya fara zama suka kawo shi.

Bayan shekaru aka gwada yaron, yana ɗauke da cutar. Ashe abin da ke takardar HBsAg ne, wato alamar cutar ce a jinin matar, ba garkuwa ba. Mijin ya sani sarai, kunyar dangi ce ta sa ya ɓoye. Ka kuwa san jaririn da ya kamu wajen haihuwa, kusan 9 cikin 10 cutar zama take yi musu, babba kuwa bai kai 1 cikin 20 ba. Mutumin nan ya kai ƙarata wurin na gaba da ni, wai ni na hana ɗansa allura. Aka buɗe rajista, gurbin babu komai, sa hannuna a ƙasa. Ƙarin girman da nake jira ya wuce ni, aka ba yaron da na koya wa riƙe sirinji. Har yau in mun haɗu a kasuwa shi yake fara ɗauke kai.

Saboda haka cikin awa 24 a yi ta, ko uwa ta zo da takarda ko ba ta zo da ita ba. Takardar kuma ka karanta da idonka. Sai Penta, allurar da ta haɗa rigakafin cututtuka biyar har da na B ɗin, a mako 6, 10 da 14, ita ke ƙarasa ginin. Wurin da ake soka ta da yawanta ba zan faɗa maka ba, in ba ka sani ba ka koma makaranta ka karɓo kuɗinka.

Ku yaran yanzu firji ma ba ku iya ba. Jiya na ga ka jingina kwalaben allurar B da ƙanƙara. In ta daskare ta mutu, ruwa kake yi wa 'ya'yan mutane. Tashi ka ɗauko su mu girgiza mu gani.