Littafin zomo da abokansa na 'yan aji ɗaya

Malama, kin ce kina son rubuta wa 'yan aji ɗaya ɗan littafi inda zomo da kura da kunkuru za su fita yawo tare, kina tambayar ta ina za ki fara.

Fara da kalmomin tukuna. Yaron da ya fara haɗa baƙi gaɓa-gaɓa yake karatu, don haka zo-mo da ku-ra sun fi masa sauƙi a kan kunkuru. Kar ki kori kunkurun, ki dai bar shi sai shafi na 4 ko na 5, dama shi ba ya sauri. Haka ɓ, ɗ, ƙ da ts, ki riƙa shigo da su ɗaya bayan ɗaya. Ki kuma sa ido a wurin buga littafin, na sha ganin "ƙafa" ta koma "kafa".

Jimla ɗaya ta isa a shafi, a maimaita ta: "Zomo ya ga ruwa. Kura ta ga ruwa." Maimaicin ne ke sa yaro ya ji ai ya iya.

Wurin yawo kuwa, ni Yankari zan kai su, can Bauchi. Ga ruwan ɗumi na Wikki, ga giwaye, ga birai masu wawurar abincin baƙi. Biri ya sure ƙosan kunkuru, abokai su bi shi, labari ya samu. Kura ce dai nake shakka. Yaran da suka sha tatsuniya ba za su yarda ta zauna kusa da zomo lafiya ba.