Ki ba ta aikin da zai zama nata

'Yar uwa da kika ce yarinyarki 'yar shekara 4 ta koma rigima da fitsarin kwance tun da aka haifi ƙaninta, barka da sauka lafiya, Allah ya raya.

Haihuwata biyar, a ta biyu na sha irin wannan. Ban farga ba sai ranar suna. Duk wadda ta shigo sai ta wuce babbar tawa ta nufi jariri, wasu har da tsokana, wai an ƙwace mata mama. Can na tsince ta bayan ƙofa tana tsotsar yatsa, abin da ta bari tun yaye.

Washegari na damƙa mata kwandon kayan wanka, na ce nata ne. Ita ke miƙo sabulu da mai, ita ke zaɓar rigar da zai sa, ko da ba ta shiga da wandon ba, haka nake sa masa. 'Yan barka kuwa ita ke buɗe musu fuskarsa. Wani abin da ya yi mini aiki sosai: in ina ba ta abinci ya ɗan motsa, sai in ce da ƙarfi, "Ka jira, ina ba Yaya abinci." Shi bai san me na ce ba, ita kuwa har kumbura take don jin daɗi. Fitsarin bai tsaya nan take ba, sai wajen arba'in, kuma ban taɓa dukanta a kai ba.

Amma don Allah kar ki bar su su kaɗai, ko da alwala za ki yi. Na taɓa leƙawa kicin, na dawo na tarar tana tura masa gyaɗa a baki, wai yunwa yake ji. Jikina har rawa yake. Tun ranar ta haddace cewa nono kaɗai yake sha sai ya yi wata 6, ko ruwa ba a ba shi. In za ta ɗauke shi, ta wanke hannu, ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, ke ki ɗora mata kina tallafe da wuyansa. Goyo kam da sauranta. Ruwan wankan jego ma ki nisanta ta da shi.

In akwai manyan yara a gidan, kar renon ya cinye musu Islamiyya da wasa. Ni ce 'yar fari a gidanmu, na san zafin wannan.