Ɗaukar Hoton Karkara Idan Sama Tana Sauyawa: Amsar Maigida ga Yaronsa

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa hotunan da kake ɗaukowa idan ka fita yawo a karkara ba sa fitowa yadda idonka ya gani, sama ta yi fari fat, ƙasa kuma ta yi duhu, sannan ka ce da zarar hadari ya taso kakan tattara kayanka ka juyo gida. A ganina matsalar guda ce: har yanzu dutse da bishiya kake kallo, ba ka fara lura da hasken da ke sauka a kansu ba.

Idon mutum yana daidaita kansa nan take duk inda ya juya, kyamara kuwa awo ɗaya take yi wa hoton gaba ɗaya, kuma ma'aunin da ke cikinta ƙoƙarinsa kullum shi ne ya mayar da abin da ya gani ruwan toka matsakaici. Sama ta fi ƙasa haske nesa ba kusa ba, saboda haka idan ƙasa ta cika hoton sai kyamara ta ƙara haske sama ta ƙone, idan kuma sama ce ta fi yawa sai ta rage ƙasa ta nutse. Wannan ciwon kai ya daɗe a sana'armu, domin tun a shekarun 1850 Bafaranshen nan Gustave Le Gray yakan ɗauki teku daban, sama daban, sannan ya haɗa su a takarda ɗaya. Kai an sauƙaƙa maka. Ka sa ido kan ɓangaren gajimare mafi haske, ka rage hasken da ke shiga kyamara da mataki ɗaya, wato zuwa rabi, ko kusa da haka, ka duba histogiram, zanen da ke nuna yawan duhu da haske a hoton, kada ya manne a gefen dama, ɓangaren fari, kuma ka ɗauka a RAW, nau'in fayil da ke adana bayanan hoton ba tare da kyamara ta sarrafa su ba. Abin da ya yi duhu ana iya farfaɗo da shi a kwamfuta, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan, komai gwanintarka.

Sauran saiti ba ya buƙatar dogon bayani. ISO, ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ka bar shi a 100 idan haske ya wadata, ƙofar haske kuma, wato ramin da haske ke bi ya shiga, wanda ke tsukewa idan lambarsa ta ƙaru, tsakanin f/8 da f/11, don idan ta wuce f/16 kaifin hoto yakan fara raguwa. Daidaita launi kuma ka cire shi daga otomatik ka sa a saitin hasken rana, in ba haka ba kyamara za ta wanke maka jan hasken almuru.

Komawarka gida idan hadari ya taso ita ce ta fi damuna. Rana tsaka a ranar da sama take garau, wadda kake ɗauka ita ce ranar hoto, ita ce mafi rowa, domin inuwa takan taru a gindin kowane abu, tudu da kwari su baje su zama ɗaya. Abin da muke nema yana daidai gaɓar sauyi, dab da saukar ruwa da kuma bayan ya ɗauke. Idan hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabanka, rana kuma ta yi ƙasa a bayanka, za ka ga ciyawa ta haska kamar an kunna mata fitila, bishiya guda ta fito tar a jikin baƙar sama. Irin wannan haske wani lokaci ko minti ɗaya ba ya cikawa, don haka ba lokacin neman wurin tsayawa ba ne. Tun kafin ya zo ka zaɓi abin da zai zauna a gaban hoton, 'yar hanya ce ko dutse, ka kafa kyamara a kan ƙafafunta ukun nan da ake ɗora ta a kai, ka tabbata layin da sama ta haɗu da ƙasa bai karkace ba. Daga nan sai ka bi inuwar gajimare da ido tana ratsa gonaki, za ka iya ƙiyasta lokacin da haske zai iso inda ka saita.

Bayan ruwa ya ɗauke, jiƙaƙƙen ganye yakan yi sheƙi, sheƙin kuma shi ke kashe korensa. Maganinsa filtar folaraiza, wani gilashi mai rage sheƙi da ake ɗaurawa a gaban kyamara: ka juya ta a hankali har sheƙin ya kwanta. Ta fi aiki idan rana tana gefenka, kuma tana cin haske mataki ɗaya zuwa biyu. Bakan gizo kuwa sai ka ba rana baya za ka gan shi, kuma a fili ba ya bayyana idan rana ta haura digiri 42 a sama, shi ya sa da safe ko da yamma ake dacewa da shi. Ka yi hattara da filtar a nan, tana iya ƙara masa launi, tana iya shafe shi baki ɗaya.

Hazo yakan kwanta a kwari bayan dare mai sanyi marar iska kuma marar gajimare. Ka riga rana isa kan tudu, kuma a nan ƙara haske za ka yi kamar mataki ɗaya, don kada farinsa ya koma toka.

Tsawa ce kaɗai ban yarda ka tsaya mata ba. Ka ƙirga daga walƙiya zuwa ƙara, kowace daƙiƙa 3 kimanin kilomita 1 ke nan. Idan bai kai daƙiƙa 30 ba, ka naɗe ƙafafun kyamara, ka sauka daga tudu, ka nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ka nemi gini ko mota. Yayyafi kuwa leda da busasshen ƙyalle sun ishe shi, sai dai kada ka sauya lens, wato gilashin idon kyamara, a cikinsa. Idan ka dawo, ka fito da komai daga jaka ya sha iska ya bushe, domin damshi ne ke sa fumfuna ta kama gilashin lens, kuma idan ta daɗe a ciki da wuya ta goge.