Da gaske ne Celsius ya yi ma'aunin zafinsa a juye?

Tambaya: Malam, ni malamar kimiyya ce a ƙaramar sakandare. Jiya da dare na auna ɗana ɗan wata 8, ma'auni ya nuna 39.6. Mai kemis na unguwarmu ya ce in kwantar da hankalina, sai ya kai 100 ake kiransa zazzaɓi, wai ma shi Celsius ɗin a juye ya yi lissafinsa, don haka lambar ba abin dogaro ba ce. Ban yi barci ba. Da gaske ne?

Amsa: Malama, in har yanzu jikin yaron da zafi, ki ajiye wayar nan ki kai shi asibiti, kya karanta sauran daga baya. 39.6 a ma'aunin Celsius zazzaɓi ne mai ƙarfi.

Shi mai kemis ya tsinci guntun gaskiya ne ya ɗora shirme a kai. Anders Celsius, wanda aka haifa a Uppsala ta ƙasar Suwidin a 1701, farfesan ilimin taurari ne tun 1730, kamar mahaifinsa. A takardar da ya gabatar wa cibiyar kimiyya ta masarautar Suwidin a 1742, lallai 0 ya sa wa tafasar ruwa, 100 kuma wa daskarewarsa. A ƙasar da ƙanƙara ke rufewa wata da watanni, wannan tsarin ya hutar da mai rubuta sanyin hunturu daga lambobin ƙasa da sifili. Tarin fuka ya yi ajalinsa a 1744 yana da shekara 42, kuma ba a jima ba aka juya ma'aunin. A 1745 Carl Linnaeus, masanin tsirrai, yana amfani da juyayyen, mai 0 a daskarewa da 100 a tafasa, a lambun jami'ar Uppsala, a Faransa kuwa Jean-Pierre Christin ya riga ya yi irinsa a birnin Lyon tun 1743. Kin ga maganar juyewa ta mutu shekara 280 da suka wuce. Babu ma'auni ko ɗaya a kasuwa yau mai ƙirgawa baya-baya.

An raɗa wa ma'aunin sunansa a 1948, kuma shi mutum ne mai tsantseni. Shekara biyu yana gwada narkewar dusar ƙanƙara don ya tabbatar ba ta canzawa, ya kuma nuna cewa tafasar ruwa tana bin matsin iska, shi ya sa a Jos, da ke kan tudu inda matsin iska ya ragu, ruwa ke tafasa wajen digiri 96. Mutumin da ya bi tawagar Maupertuis, masanin kimiyya ɗan Faransa, zuwa Laplan da ke ƙuryar arewacin Turai a 1736 suka auna doron ƙasa cikin sanyi, suka tabbatar da maganar Newton cewa duniya ta ɗan baje a ƙuryar arewa da kudu, shi ne yau ake jingina wa sakaci a shagon magani!

To, bari in zo kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai na ci karo da shi, har a bakin ɗaliban jami'a. Wannan 100 da mutane suka haddace ta Fahrenheit ce, ma'aunin 1724 da Amurka ke amfani da shi har yanzu, wanda ruwa ke daskarewa a 32 ya tafasa a 212. Tsofaffin ma'aikatan asibiti da shi suka koyi aiki, lambar ta zauna a kunnen jama'a, harafin F da ke gefenta ya ɓace. Lafiyayyen jiki yana wajen 37 a C, wato 98.6 a F. Zazzaɓi yana farawa daga 38 a C, wato 100.4 a F. Ki yi lissafin da kike koya wa ɗalibanki: 39.6 sau 9, a raba da 5, a ƙara 32. Ya ba ki 103 da ɗoriya. Ashe ko a ma'aunin mai kemis ɗin yaron ya wuce 100 tuni. Wanda ke jiran jikin mutum ya kai 100 a C, tafasasshen ruwa yake jira. Daga 40 zuwa sama abin gaggawa ne, 42 kuwa rai na cikin haɗari.

Kuskuren yana da ɗaya fuskar. Ma'aunin batir da ake shigo da su suna da maɓallin da ke sauya C zuwa F, yaro ya danna da wasa, uwa ta ga 98.9 ta ruɗe, a garzaya kemis a tsira wa lafiyayyen yaro allura. Mutum ɗaya ne zai sallami mai 39.6 da safe, ya yi wa mai 98.9 allura da yamma, kuma a kira shi likita a unguwa. Wanda bai san bambancin C da F ba, me ya haɗa shi da sirinji? Mu ma malamai da laifinmu: muna sa yara haddace lissafin don jarrabawa, ba ma kawo ma'auni aji su ga harafin da idonsu.

Idan kin auna, ki karanta lamba da harafi tare, ki rubuta su da lokacin da kika auna, ki nuna wa likita. Ki tuna na hammata yakan ɗan yi ƙasa da ainihin zafin cikin jiki. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, da ya taɓa 38 a C asibiti za a nufa, ko da tsakar dare ne. Allah ya ba yaron lafiya.