Amsa: Yaya aka yi ake samun ƙwanson halittun teku a saman Himalaya?

Malam, tambayarka ta yadda ƙwanson halittun teku ya hau kan Himalaya, ba ƙarya ba ce wallahi. Da can akwai teku tsakanin Indiya da Asiya, ana ce masa Tethys, sai farantin ƙasar Indiya, wato katafaren ɓawon dutsen da Indiya ke zaune a kai, ya yi ta matsowa arewa har ya daki Asiya wajen shekara miliyan 50 da suka wuce, ƙasan tekun ta naɗe ta yi sama kamar an tura tabarma a jikin bango. Shi ya sa kan dutsen Everest na Himalaya, mai tsayin mita 8,849, farar ƙasa ce irin ta ƙasan ruwa. Har yau Indiya tura take yi, girgizar ƙasa ta Nepal a 2015 daga nan ne.