Shin Kuɗin Injinan Caca na Mashaya Suna Isa Makarantu?

Tambaya: Ina zaune a Amurka, kuma 'yan majalisar jiharmu suna ta muhawara kan halatta injinan caca a mashaya, da hujjar cewa harajin da za a samu zai tallafa wa ilimi da ƙananan hukumomi. Shin wannan alkawari yana cika kuwa?

Amsa: Hukuncin caca a addini sananne ne ga mai tambaya, don haka zan tsaya a kan lissafin kuɗin, kuma jihar Illinois ce ta fi dacewa a duba, domin ta daɗe da bin wannan hanya.

A shekarar 2009 Gwamna Pat Quinn ya sanya hannu a dokar da ta yarda a girke injina har biyar a kowace mashaya ko gidan abinci mai lasisin sayar da giya, amma sai a 2012 suka fara aiki. Daga abin da 'yan caca suka yi asara, a wancan lokacin gwamnati tana karɓar kashi 30 cikin 100, inda jiha ke riƙe kashi 25, ƙaramar hukuma kuma ta tashi da kashi 5 kacal. Kusan duk ragowar, wato kaso mafi tsoka, mai mashaya da kamfanin da ya girke injin ne suke raba shi daidai wa daida. A 2019 aka ƙara harajin, aka mai da injinan shida, aka kuma ɗaga iyakar abin da mutum zai zuba a wasa ɗaya daga dala 2 zuwa dala 4.

Abin da ya kamata mai tambaya ya fi lura da shi shi ne asusun da kuɗin ke faɗawa. Kason jihar Illinois daga injinan nan yana tafiya ne asusun gine-gine da hanyoyi, alhali harajin manyan gidajen caca shi ne yake shiga asusun tallafin ilimi. Da injinan suka bazu cikin unguwanni, mutumin da a da sai ya yi tafiya mai nisa zuwa gidan caca ya samu injin a bakin titinsu, yana zura takardar dala yana danna maɓalli kafin a kawo masa abincin da ya saya. Cinikin manyan gidajen ya ja baya, harajinsu ya ragu, kuma binciken da kafar binciken labarai ta ProPublica da gidan rediyon WBEZ suka fitar a 2019 ya nuna cewa kason makarantu daga caca raguwa ya yi. Binciken ya kuma gano cewa injinan sun fi yawa a yankunan masu ƙaramin ƙarfi, kuma an shafe shekaru kuɗin da ke shigowa bai kai hasashen 'yan majalisa ba.

Ko da doka ta rubuta ƙarara cewa kuɗin na ilimi ne, akwai wata dabara da aka saba gani: majalisa ta zuba kuɗin caca a asusun makarantu, sannan ta zare kwatankwacinsu daga abin da take bayarwa a kasafin kuɗi, ta kai wani wurin. Illinois ta keɓe ribar cacar tikiti ta jiha ga makarantu tun 1985, kuma an daɗe ana yi mata wannan zargi. Jihar Georgia ta fi yin hattara, domin da ta kafa tata cacar tikitin a 1993 ta ɗaure ribar a kan sababbin shirye-shirye, kamar tallafin karatu na HOPE da azuzuwan share fagen firamare, ta yadda zai yi wuya a musanya su da tsohon kasafi.

Ƙananan hukumomi kuwa suna samun wani abu, kuma ga ƙaramin gari kuɗin kan taimaka wajen gyaran titi ko biyan albashin 'yan sanda, sai dai su ne kuma suke fara cin karo da magidancin da ya ƙarar da albashinsa a gaban inji. A ganina, mai tambaya ya nemi daftarin dokar jiharsu ya karanta da idonsa, ya ga wane asusu aka ambata da suna, ko an hana rage kasafin ilimi na yanzu, nawa aka ware don jinyar waɗanda caca ta zame musu jaraba, da kuma ko gari yana da ikon ƙin injinan a yankinsa, kamar yadda birnin Chicago ya shafe shekaru yana yi.