Kun Tambaya, Mun Amsa: Ta ina masu masana'antu ke sa baki a yarjejeniyar ciniki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Na sha jin ana cewa ƙungiyar masu masana'antu ce ta hana Najeriya sa hannu kan yarjejeniyar kasuwancin bai ɗaya ta Afirka a 2018. To ai gwamnatoci ne ke zaman tattaunawar, ta ina ƙungiya ta samu wannan ƙarfin? (Mai karatu daga Kano)

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Zancen da ka ji yana da tushe. Ranar 21 ga Maris 2018 ƙasashe 44 suka sa hannu a Kigali. Majalisar zartarwar Najeriya ta riga ta amince, amma ana gab da taron Shugaba Buhari ya fasa tafiya, bayan ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da ƙungiyar ƙwadago ta NLC sun ce ba a yi shawara da su ba, kuma ƙasar za ta zama jujin kayan waje. Aka kafa kwamitin nazari, sai ranar 7 ga Yulin 2019 Najeriya ta sa hannu a Yamai.

Sai dai ka duba abin da suka samu. Jinkiri ne na fiye da wata 15, amma takardar da aka sa wa hannu a Yamai ita ce dai ta Kigali. Tun 2015 aka fara tattaunawar, su kuma muryarsu ta fi fitowa bayan an gama rubutu. A ganinmu nan ne aka yi sake.

Kamun ƙafar da ke tasiri a cikin kundin kwastam ake yin sa. Kowane kaya yana da lambarsa, kuma kundin ECOWAS na ɗauke da layi kusan 6,000. Ƙa'idar yarjejeniyar ita ce a janye kuɗin fito a hankali daga kashi 90 cikin 100 na layukan, a ba kashi 7 ƙarin wa'adi, a keɓe kashi 3 kacal ba za a taɓa su ba. Kashi 3 ɗin nan kimanin layi 180 ne, kuma ƙasashen ECOWAS jerin guda suke miƙawa tare. Saboda haka mai siminti, mai sukari, mai man girki da mai masaƙa, daga Legas har Dakar, kowa kokawa yake kayansa su samu gurbi. Wanda ya kai wa jami'in tattaunawa lamba da hujja a rubuce kafin a rufe jerin, shi ake tunawa da shi.

Fage na biyu ya shafi rumfarka kai tsaye, wato ƙa'idar asalin kaya. A ce an saƙa farin yadi a China, an sauke shi a tashar wata ƙasar Afirka, an buga masa zane, an yanka yadi shida-shida, an liƙa tambari. Ya zama ɗan Afirka ke nan, ya shigo Kano ba kuɗin fito? Masu masaƙa na son a ce sai an yi saƙar a nahiyar, wasu ma har kaɗin zaren. Masu ɗinkin kayan sawa kuwa sassauci suke so, don yadin waje ya fi musu araha. Shi ya sa zuwa 2023 an daidaita kan fiye da kashi 90 cikin 100 na kayayyaki, amma tufafi da motoci suka maƙale.

A Amurka abin ma doka ce. Dokar ciniki ta 1974 ta kafa kwamitocin shawara, inda wakilan kamfanoni da aka tantance ke ganin daftarin da sauran jama'a ba sa gani. A 1986 shugabannin wasu manyan kamfanoni, ciki har da Pfizer da IBM, suka haɗa kai, suka jawo takwarorinsu na Turai da Japan, suka fitar da takarda guda a 1988. Da yawa daga cikin buƙatunsu sun shiga yarjejeniyar duniya kan haƙƙin ƙirƙira ta 1994, wadda ta ba mai sabon magani kariyar shekara 20.

TAMBAYA: Mu mata ne masu ƙananan injinan casar shinkafa, muna da ƙungiya mai rajista. Ya za mu yi a ji mu? (Mai karatu daga Kebbi)

AMSA: Hajiya, ku fara da sanin lambar kayanku. Shinkafa tana ƙarƙashin 1006: shanshera 1006.10, casasshiya 1006.30, karyayya 1006.40. Wasiƙar da ta ce "a kare shinkafar gida" kawai, a ajiye ta za a yi. Wadda ta ce a bar 1006.30 cikin kayan da ke da ƙarin wa'adi, jami'i zai iya ɗaukarta ya shiga taro da ita.

Sai ku tara alƙaluma daga littattafan mambobi: tan nawa kuke casa a shekara, mutum nawa ke cin abinci a injinan, nawa buhu mai kilo 50 ke tsaya muku idan an haɗa kuɗin shanshera, gas, buhu da dako, nawa kuma ta waje ke sauka a kasuwarku. Shafi biyu sun isa. Kada ku kumbura lissafi, domin ma'aikata na da alƙaluman kwastam, kuma in suka kama ƙari sau ɗaya sun daina yarda da sauran. Ku miƙa ta hannun cibiyar 'yan kasuwa ta jiha zuwa NACCIMA, uwar ƙungiyar cibiyoyin 'yan kasuwa ta ƙasa, ku aika kwafi ga Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari da kuma ofishin tattaunawar ciniki na ƙasa da aka kafa a 2017. A karɓa a buga muku hatimi, ku kuma tambayi ranar da za a rufe karɓar ra'ayi.

Abin da ya fi ɓata irin wannan yunƙuri shi ne rabuwar kai. Manomi na son shanshera ta yi tsada, ku kuna son ta yi sauƙi. In kowa ya je da tasa, gwamnati ta samu hanyar zillewa, don haka ku zauna da 'yan RIFAN, ƙungiyar manoman shinkafa, tun a gida. Ku sani kuma akwai masu ja daga can gefe. Lokacin tsara harajin bai ɗaya na ECOWAS da ya fara aiki a 2015, Najeriya ta matsa har aka ƙara matakin kashi 35, amma shinkafa ta tsaya a kashi 10 duk da ƙoƙarin ƙungiyar manoman Afirka ta Yamma, ROPPA, saboda ƙasashe irin su Senegal sun dogara da ta waje wajen ciyar da birane. In harajin Najeriya ya yi wa na maƙwabta nisa, shinkafar sai ta sauka a Kwatano ta biyo ta daji, abin da ya kai ga rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Don haka takardarku ta faɗi adadin harajin da kuke nema, ta kuma faɗi yadda za a tsare shi a iyakokin Kamba da Illela.